Amanar Maijidda

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da bayoloji a wata makarantar kwana ta 'yammata a ƙasar Daura, kuma huɗu daga ciki ni ke kula da ɗakin kwanan 'yan aji biyar. A gabana yara na ce min Malama Barakatu. A bayan idona kuwa Rijiya suke kirana, wai duk abin da aka jefa min ba ya fitowa. Ranar da na ji sunan na ɓata rai don su gani, amma a cikina daɗi na ji har wuya. Ina faɗin wannan ne don a san irin yadda na ɗauki kaina kafin abin da zan ba da labari ya faru.

Muna da wani littafi mai baƙin bango da ke ajiye a wurina. Duk yarinyar da ta shiga fashin salla sai ta zo ta rubuta sunanta da kwanan wata, in ta yi wanka ta dawo ta sa hannu. A bakinmu don kada a hukunta yarinya kan rashin zuwa masallaci ne. Ainihin dalilin kowa ya san shi, ba mai faɗa: in sunan yarinya ya ɓace wata biyu a jere, to akwai magana.

Sunan Maijidda Ɗanbaba bai taɓa ɓacewa ba. Yarinya ce doguwa daga Sandamu, 'yar shekara goma sha shida, mai faɗin kafaɗa, ba ta da surutu, kuma a lissafi ba mai kama ƙafarta. Ita ke ciyo mana kofin jifan ƙarfe a gasar wasannin makarantu duk shekara. Wata rana ina duba littafin don ba ni da aikin yi, sai idona ya tsaya a kanta. Ranar biyar ga wata ta rubuta, ranar goma ta sa hannu. Na juya baya, haka. Na ƙara juyawa, haka, har shekara biyu, ko kwana ɗaya bai goce ba. Ni da nake koyar da jikin ɗan Adam na san ba macen da jikinta ke bin kalandar gwamnati. Na rufe littafin ina jin kaina kamar wata 'yar sanda, na aika a kira min ita bayan la'asar.

A ɗakin gwaje-gwaje muka zauna, tsakanin kwalaben da muke jiƙa kwaɗi da ƙadangaru. Na buɗe mata littafin na ɗora yatsa a kan sunanta. Ta daɗe tana kallon rubutunta. Na zaci ƙarya za ta shirga min, har na tanadi amsa. Sai ta ce, muryarta can ƙasa, "Malama, ban taɓa gani ba. Ko sau ɗaya."

Daga nan magana ta ɓalle mata. Ta ce tun tana ƙarama ta san halittarta ba irin ta sauran yara mata ba ce, shi ya sa ba ta taɓa wanka da kowa ba, kullum sai bayi ya watse. Tun bara kuma abubuwa suka ƙaru, muryarta ta yi kauri, gashi ya fara fito mata a haɓa, tana tsige shi da farce kafin a tashi. Kwana biyar ɗin da take ƙin zuwa masallaci don a yarda da ita, ashe shiga take sito tana yin sallolinta a ɓoye a bayan buhunan gero. Wannan ne ya fara karya min zuciya. Sai kuma ta faɗi abin da ya fi mata nauyi, wanda na ga alama ko a ranta ba ta cika bari ya fito ba.

"In aka ce 'yammata su tashi, ina tashi," in ji ta. "Amma sai in ji kamar ba da ni ake ba. Ban san me nake ba, Malama. Ke da kika karanta, me nake?"

Na gaya mata abin da na sani: akwai mutanen da Allah ke halitta haka, ba laifin kowa ba ne, ba kuma aikin aljanu ba ne, likitoci sun san abin kuma suna dubawa. Ta saurara kamar mai jin ƙishirwa. Da na kawo maganar iyaye sai ta kama gefen hijabina. Ta ce saura sati biyar a yi hutu, tana so ita da bakinta ta gaya wa Innarta, su biyu, a ɗaki. Ta roƙe ni don girman Allah kada kowa ya ji kafin nan. Na dafa kanta na ce na ɗauka amana ce. Da bakina na zaɓi kalmar, ba ita ta sa ni ba.

Kwana biyu na farko na riƙe da kyau. A na uku abin ya fara cina. Akwai doka a makarantar, an liƙa ta a ofishin malamai, cewa duk abin da ya shafi lafiyar ɗaliba wajibi ne a sanar da iyayenta. Na je wurin shugabar makaranta, Hajiya Amatullah, na yi mata tambaya a kaikaice, wai a ce yarinya ta gaya wa malama wani abu na jikinta ta ce a rufa mata. Ko ɗago kai ba ta yi daga takardunta ba, ta ce iyaye ke da 'ya'yansu, mu aro aka ba mu, kuma ranar da abu ya lalace ba yarinyar za a tambaya ba, mu za a tambaya. Ban ga ƙarya a maganarta ba, har yau ma ban gani ba. Ni ma uwa ce. Da 'yata ce ke ɗauke da wannan, wata malama ta sani ni ban sani ba, da sai na ci kwalarta.

Haka na yi ta gaya wa kaina, kuma gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta da ban so in kalla ba. Abin ya yi min nauyi ne kawai. Ina cin abinci yana nan, ina koyarwa yana nan, in na haɗa ido da yarinyar a aji sai in rasa inda na tsaya. Ina neman inda zan sauke shi a ce min na kyauta.

A kwana na tara aka yi ranar ziyara. Ƙarƙashin itatuwan darbejiya ya cika da tabarmi da kulolin abinci, ga dambu, ga fura, ga ƙannai suna guje-guje. Na hango Maijidda da mata biyu. Ɗaya siririya ce, ta zauna can bakin tabarma ta ba yarinyar rabin baya, idonta na kan ƙofar makaranta kamar mai jiran mota. Ɗayar kuwa ƙatuwa ce mai fara'a, ta ja Maijidda jikinta tana tura mata nama a baki, tana faɗan an bar ta ta rame. Da na je gaishe su aka gabatar min: mai fara'ar Gwaggo Saudatu ce, yayar uban yarinyar, siririyar kuma Hadijatu, ita ta haife ta. Na yaba wa ƙoƙarin Maijidda a karatu. Gwaggon ta yi guɗa ƙasa-ƙasa. Uwar ta kawar da kai ta ce, "Yarinyar nan? To, madalla."

Ban buƙaci a yi min bayani ba. Maijidda 'yar fari ce. Ni kaina ɗana na fari ya haura ashirin, ban taɓa kiran sunansa ba, kuma duk wata magana mai nauyi a kansa ta wurin yayar ubansa take bi, ita ke zuwa ta gaya min abin da aka yanke in yi kamar ban damu ba. Haka muka taso. Sai na ga hanya ta buɗe min tas. Tsayawa gaban uwa in yi mata maganar al'aurar 'yarta ta fari, ai tsiraici ne, ba mai tarbiyyar da zai yi. Gwaggo kuwa uwa ce da ba ta da wannan takunkumi. In na gaya mata na sanar da iyaye, na bi doka, na kuma bi al'ada. Har na ga kamar na taimaki yarinyar ne, na rage mata wahalar buɗe baki.

Na aiki Maijidda ta kai kulolin ɗaki. Ta dube ni sau ɗaya, na yi mata murmushi, ta tafi hankalinta kwance. Na ce wa Gwaggo Saudatu ina son ganinta gefe. Muna tashi na ga uwar ta yunƙura kamar za ta miƙe, sai ta koma ta zauna. Na ɗauka zaninta take gyarawa.

A bayan ɗakin gwaje-gwaje na faɗa. Ban faɗi abin da yarinyar ke ji a ranta ba, na tsaya a kan na jiki, kuma na daɗe ina riƙe da wannan a matsayin wani abin kirki da na yi. Gwaggon ta yi salati ta kama baki. Sai na ga idonta ya yi wani haske, ta ce, "Shi ya sa. Wallahi shi ya sa." Ina ta maganar likita da asibiti, amma na lura ba ta tare da ni, ta tafi can wasu shekaru tana ɗinke wasu abubuwa da ban sani ba. Na roƙe ta ya tsaya tsakaninta da iyayen. Ta rantse min har da dafa ƙirji. A nan gabana ya fara faɗuwa, don na san irin wannan rantsuwar, ni ma na yi ta kwana tara da suka wuce.

Ba zan ce Gwaggo Saudatu muguwa ba ce, ba ni da bakin faɗin haka. Daga baya na ji yadda abin ya bi. Ta rasa yadda za ta tunkari ƙaninta, sai ta nemi shawarar aminiyarta. Aminiyar ta san wata mai maganin gargajiya, ta je tambaya. Mai maganin tana da jika a aji uku a makarantarmu. Ko sati biyu ba a yi ba maganar ta zagayo ta dawo mana, ta ƙaro kai da ƙafa. Wai namiji ne aka sa wa hijabi aka kawo cikin 'yammata.

Na shiga ɗakin kwana da safe na tarar an janye gadaje biyun da ke kusa da nata, gadonta ya rage shi kaɗai a tsakiyar fili. Wadda suke cin abinci kwano ɗaya tun aji ɗaya ta koma wani rukuni. A masallaci in ta tsaya a sahu sai a bar gurbin mutum ɗaya dama da hagu. Na yi faɗa, na yi barazanar bulala, yaran suka sunkuyar da kai suka bar ni ina haushi ni kaɗai. Iyaye suka fara bugo waya. Wani ya ce in ba a fitar da ita ba zai zo ya kwashe 'ya'yansa uku, kuma zai kai maganar gaba.

Abin da ya fi damuna shi ne Maijidda ba ta zo ta tambaye ni ba. Na shirya mata jawabi, na tanadi dalilai, doka da al'ada da komai. Ba ta zo ba. In mun haɗu a hanya sai ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, ta wuce. Ni ce na koma canza hanya in na hango ta.

Hajiya Amatullah ta kira ni ofis ta tambaye ni ko na san ta inda maganar ta fita. Na dubi matar nan ido cikin ido na ce ban sani ba. Ta mayar da yarinyar ɗakin jinya wai don a kare ta, ta kuma aika wa iyayen su zo. Ranar na koma gida na kasa cin tuwo, maigidana ya zaci zazzaɓi ne.

Ranar Talata da hantsi suka zo. Uban, Malam Ɗanbaba, ya ƙi shigowa, ya tsaya a bakin ƙofa wurin mai keke napep ɗin da suka ɗauko. Uwar ce ta shiga ofis ita kaɗai ta dangwala hannu a takardar cire yarinya. Da ta fito sai ta ce a nuna mata malamar ɗakinsu. Ina ɗakin gwaje-gwaje ina jera kwalaben da ba su buƙatar jeri aka shigo da ita.

Na ba ta kujera ta ƙi zama. Na fara jero gaisuwa, ta amsa ɗaya ta bar sauran. Siririyar matar nan da na gani tana kallon ƙofa, yau ni take kallo, kuma na kasa haɗa ido da ita.

"Maijidda 'yata ce," ta ce. Sunan ya fito mata da ƙyar, da gani bakin bai saba da shi ba. "Ni na haife ta. Ni na fara ganinta."

Ba ta ɗaga murya ba har ta gama. Ta ce a gidansu ta haihu, mahaifiyarta ce ta karɓi haihuwar, su biyu suka ga abin da suka gani suka yi shiru, tsohuwar kuma ta rasu da shi a cikinta. Da ta koma ɗakinta ta hana kowa yi wa jaririyar wanka, ita ke yi, ƙofa a rufe. Da aka yaye ta Saudatu ta zo ɗaukarta riƙo kamar yadda aka saba, ta hana. Gidan kaf aka sa mata suna marar kunya, mai rungumar 'yar fari, aka yi shekaru ana yi mata habaici a wurin biki. Ta shanye. Don ta rufe bakinsu ne ta koma nuna kunyar da ta fi ta kowa a gaban mutane, ba ta kallon yarinyar, ba ta zama kusa da ita. Ita ta matsa aka kawo ta makarantar kwana, don ta yi nisa da idon dangi. Kuma hutun nan da ke tafe ta riga ta shirya za su je Kano da sunan gaishe da ƙanwarta, ta kai ta wurin likita. Abin da ya rage mata kawai shi ne yadda za ta fara yi wa yarinyar maganar, tana ta fatan ita ta fara.

"Ubanta a kasuwar Mai'adua ya ji," ta ce. "Yana cikin cinikin tumaki wani ya ja shi gefe yana yi masa jaje. Ni kuma a wurin niƙa. Malama, ranar ziyarar nan ina zaune a gabanki. Taku nawa ne tsakanina da ke?"

Na ce na ga 'yar fari ce, na ji nauyin in tunkare ta da irin wannan magana, na ɗauka gwaggo ce ta dace. Ina faɗa ina jin yadda maganar ke fita fanko.

"Sunanta nake jin kunya," ta ce. "Ba ita ba."

Ta dubi kwalaben nan ɗaya bayan ɗaya. Sai ta tambaye ni ranar da yarinyar ta gaya min, da ranar da na gaya wa Saudatu, kwana nawa ne a tsakani. Na so in ce ban riƙe ba. Na ce tara.

"Tara," ta maimaita, tana gyaɗa kai a hankali. "Ni shekara goma sha shida."

Ba ta zage ni ba, ba ta yi min Allah ya isa ba. Da ta yi, da na samu abin riƙewa. Ta gyara mayafinta ta juya, sai ga Maijidda a bakin ƙofa da akwatin ƙarfenta a ka da bokiti a hannu. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Uwar ta karɓi bokitin, a gaban 'yan aji biyu da ke leƙe ta taga ta kama hannun 'yarta ta riƙe.

Maijidda ta sauke akwatin. Al'adar makarantar ce duk ɗalibar da za ta tafi ta bi malamanta ta nemi gafara, kuma yarinyar nan ba ta taɓa tsallake wata ƙa'ida ba. Ta durƙusa har ƙasa a gabana, idonta a kan siminti.

"Malama, zan tafi. A yafe min abin da na yi."

Kalma uku ce ta kamace ni, kuma suna nan a kan harshena: ke ki yafe. Uwar na tsaye, yara na taga, wata malama ta rage tafiya a baranda tana saurare. Sai na ji bakina ya ɗauko abin da aka saba faɗa, na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na shige cikin jam'i na ɓuya.

Ta ce amin. Ta ɗora akwatinta a ka, suka bi ta gaban ofis zuwa ƙofa, ni kuma aka kaɗa ƙararrawa na ɗauki alli na tafi aji huɗu.